Ranar da Na Ɗaga Hannu Biyu

Yayana ya yi tumbi ne a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da aka tashi gina azuzuwan firamare a kowane ƙauye, ana neman wanda zai karɓi kwangila ruwa a jallo. Kafin nan awon hatsi yake yi a kasuwar Ƙanƙara, siririn mutum, mai saurin tafiya. Kan a ce kwabo ya samu aiki a 'Yargoje, ya samu a Faskari, ya samu har can Sabuwa. Ya sayi akori-kura ta ɗaukar siminti da kwano, ya je Makka ya dawo ana ce masa Alhaji. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, sai ya ce in ajiye alli in zo in riƙa duba masa magina. Na ajiye. Ba wanda ya tilasta ni, a lokacin kowa inda maiƙo yake can yake kallo.

Duk inda muka sauka sai an yanka kaza. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani, da rana lemon kwalba, da yamma tuwo yana iyo cikin man shanu. Ƙafarsa kuma ta manta ƙasa, ko masallacin bayan gida zai je sai ya ji kamar ya kira direba. Tumbi ya fito, mutane suka yi ta yi masa barka. Kowa ya gan shi sai ya ce Alhaji ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. Ba wanda yake ganinsa idan ya ɗago daga sujada yana haki, idanunsa jajir, ya dafa bango kafin ya miƙe. Ni nake gani, domin kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa a sahu.

Da ciwon kai ya matsa masa na kai shi asibiti a Funtuwa. Likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce jininsa ya hau sosai. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa motsa jiki kullum: ya fara da tafiya da sauri, in jiki ya saba ya ɗan riƙa gudu-gudu. Mahaifinmu a bakin rumbu ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya rasu bai ga auren ko ɗaya daga cikinmu ba. A hanyarmu ta komawa, da muka hango Ƙanƙara, Yaya ya buɗe baki.

"Ɗiyana ƙanana ne," ya ce, bai kalle ni ba. "Ba ni son in yi irin ta Baba. Kai da ka koya ma yara tsalle-tsalle a makaranta, ka koya mani."

Wannan maganar ita ce ta sa ni cikin abin, kuma ita nake tunawa duk lokacin da wani ya buɗe baki ya ce ni na sa shi.

Matsalar farko lokaci ce. Mutumin da magina ke jiransa a gari uku, masu bulo na bakin ƙofa tun bai karya ba, yau motar yashi ta kafe, gobe kafinta ya gudu da kayan aiki, ina zai samu sararin gudu? Muka duba yini kaf, ba mu ga wata kafa ba sai tsakanin sallar asuba da fitowar rana. Muka yanke cewa duk garin da muka kwana, nan za mu yi. Na sayo mana takalman kambas a kasuwa. Na kawo masa gajeren wando, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce in kai wa ɗan ƙwallo. Da dogon wandonsa na tazuge da 'yar shara ya riƙa fita. Ni ma ba gwani ba ne. Rabona da gudu tun ina makarantar horon malamai, usur kawai nake hurawa yara su ruga.

Mun yi makonni muna tafiyar sauri, wannan ba wanda ya kula. Ranar da muka fara gudu na gaske a 'Yargoje muka kwana. Muka bi bayan gari muna ɗan sassarfa, Yaya yana gaba tumbi na rawa. Wata mata da ta fito ɗiban ruwa ta gan mu, ta yar da tulu ta rafka ihu. Kafin mu kai bakin rafi sai muka ji ƙasa na amsawa a bayanmu. Maza ne, wasu da sanda, wasu da gatari, wani tsoho da kwari da baka, wani ko riga bai tsaya sawa ba. Suka cim mana, wasu har suka wuce mu, suna waige-waige.

"Ina shike? Ta ina ya bi?"

"Wa?" in ji Yaya, yana riƙe da ƙugu.

"Abin da ya koro ku, Alhaji. Ɓarawo ne ko wuta?"

Haka al'adar take, kuma na san ta, mantawa na yi. A wurinmu in aka ga babba da gudu ba a tsayawa tambaya, rugawa ake a bi shi. Shi ya sa ake kiran abin gudummawa, kalmar ma da gudu ta fara. Da muka yi bayani wasu suka yi dariya, wasu suka ɓata rai. Mai gari ya kira mu zaure, ya ba mu ruwa, ya ce, "Alhaji, mu nan ba mu san gudun banza ba. In babba ya ruga, gari duka ya ruga. In za ku ƙara, ku sanar da mutane." Muka ba da haƙuri, muka sanar.

Sanarwar ba ta ƙare a rana ɗaya ba. A Faskari, gindin duwatsu, masu zuwa gona suka riƙa tare mu. A dajin Sabuwa wani makiyayi ya bi mu da sandarsa yana tambaya wace irin saniya ce ta ɓace mana. Kowa ya gan mu tambaya ɗaya ce: "Lahiya?" Mu kuma numfashi bai ishe mu dogon zance ba, sai mu ce, "Lahiya lau," mu wuce. Mun faɗe ta har ta zama sunanmu. Yara in sun hango mu sai su fara, "Ga su Lahiya-lau nan." A hankali manya ma suka daina tambaya, suka koma ba da amsar da kansu. Mutum yana duƙe a gonarsa zai ɗaga fartanya ya ce, "Lahiya lau, Alhaji," mu ɗaga masa hannu.

Direbobi sun fi kowa wahalar da mu. Motoci ba su da yawa a hanyoyin nan, kuma duk direban da ke bin su ya san Alhaji. Da ya hango mu sai ya ci burki, ya buɗe ƙofa, ya ce motarku ce ta mutu, ku shigo. In muka tsaya bayani, jiki ya yi sanyi, Yaya ya samu dalilin da yake nema, wani lokaci ma sai ya shige motar ya bar ni a tsaye. Don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a tasha. Na ce musu in sun gan mu da kambas kada su tsaya, zan ɗaga hannu, su danna ham su wuce. Akwai wani mai akori-kura da ke ɗauko 'yan kasuwa daga Mabai kowace safiya, shi ne ya fi taurin kai. Ya ce shi ubansa bai koya masa wuce babban mutum a ƙasa ba. Sai da na yi kamar zan yi fushi da shi kafin ya yarda. Ranar da ya fara wuce mu da ham ɗinsa na ji daɗi, na ce wa Yaya ka ga, mun wayar da kan mutum ɗaya.

Riƙe Yaya a kan abin ya fi gudun kansa wuya. Yau ya ce gwiwa, gobe ya ce baƙi sun kwana, jibi ya ce an yi ruwa ƙasa da santsi. Akwai lokacin da ya yi kusan wata bai fita ba, ya tura kambas ɗin ƙarƙashin kujerar mota. Na gwada lallashi, na gwada gori. Na ce masa tumbin nan in ya ƙara girma sai mun ba da kwangilar ɗaukarsa. Ya yi dariya, bai fita ba. Abin da ya fi ci shi ne in zo ƙofar gidansa bayan asuba in tsaya shiru, ba sallama, ba kira. Ƙaramar 'yarsa takan fito ta riƙe yatsana. In ya leƙo ya gan mu tsaye sai ya koma ciki, in ji yana neman takalmi yana mita. Ban taɓa ce masa ka tuna Baba ba. Bai buƙaci in ce ba.

Kuma abin ya yi amfani, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Zoben azurfar da ya shige cikin naman yatsansa ya fara juyawa. Tazuge ya yi saura. Ciwon kai ya ragu. Wata rana bayan la'asar a Sabuwa ya juyo ya ce mini a hankali, "Ka san yau na yi sujada ban ji kamar an shaƙe ni ba?" Murnar da na gani a fuskarsa ban gan ta ba ko ranar da ya sayi mota. Da muka koma asibiti likita ya ce jinin ya sauka, amma bai kai inda ake so ba, a ci gaba.

Gari kuwa wani karatun yake yi. Tumbin da aka yi wa barka ya fara tafiya, sai aka ce Alhaji ya rame. Wasu suka ce kwangila ce ta karye, wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce ƙanen nan nasa ɗan boko ne ya juya masa kai. Wani mai sayar mana da katako ya ja ni gefe yana tambaya ko akwai abin da ake ɓoye musu. Matarsa, baiwar Allah, don tausayi take ƙara masa man shanu a miya in ba na nan. Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta.

"Mutum da girmanshi, da ɗiyanshi, shina tsalle bisa hanya kamar wanda ya ɗauko na wani," ta ce. "Kai kau kana bayanshi kana kora. Mi ya yi maka?"

"Inna, likita ne ya ce."

"Likitan shi ma gudu shikai?"

Ni dai ban taɓa ganin likitan yana gudu ba. Na fito raina a ɓace. Abin da ke ci mini rai shi ne, lokacin da mutumin nan yake dafa bango kafin ya miƙe, duk cikinsu ba wanda ya ce ya rame ko ya yi wani abu. Sai da ya fara samun sauƙi kowa ya zama mai tausayinsa.

Ranar da abin ya faru damina ce, ana maimai, wato noma na biyu. Motarmu tana wurin makanike a Funtuwa, hanyar Sabuwa ta karya mata ƙarfe, don haka a gida Ƙanƙara muka kwana. Muka fita kamar kullum, muka saki babbar hanyar Mabai muka bi wani burtali da ke ratsa gonaki. Akwai wata ɗorawa a can ciki, nan muke tsayawa Yaya ya huta kafin mu juyo. Ran nan da ƙarfinsa ya fita, har yana tsokanata wai na tsufa. Da muka isa ɗorawar ya jingina da ita, ya ce kansa ya yi nauyi. Sai na ga yana zamewa ƙasa a hankali. Na tare shi, na zaunar da shi. Bakinsa ya karkace gefe guda, hannunsa na hagu ya saki. Na taɓa ganin wannan fuskar a bakin rumbu.

Ba kowa kusa. Ni kaɗai ba zan iya ɗaukarsa ba. Na san mai akori-kurar Mabai yana gab da wucewa, kuma in ya wuce babu wata mota sai rana ta take. Na rasa abin yi, in zauna da shi ko in tafi. Shi ne ya raba gardamar. Maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji.

"Tahi," ya ce. "Ai kai ne mai gudu."

Na cire rigata na tallafe masa kai da ita, na ruga. Duk gudun da na yi a baya wasa ne. Na yanki gonaki, ina tsallake kunyoyi, dawa na dukan fuskata. Wani manomi daga nesa ya ɗaga fartanya ya ce, "Lahiya lau, Malam." Na buɗe baki in yi kira, babu murya, numfashi ya cinye ta. Ban tsaya ba, don mota nake nema, kuma na fara jin kukan injinta.

Na hango ta tana tahowa, cike da mutane da buhuna, saura gona guda tsakanina da hanya. Na ɗaga hannuwana duka biyu sama ina kaɗawa, ina tsalle cikin kunyoyi, ba riga a jikina. Direban ya gan ni, na ga ya juyo da kai. Ya danna ham, ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mini. Waɗanda ke baya suka yi ta dariya suna ɗaga nasu. Na ji wani yana cewa, "Lahiya lau, Malam." Motar ko rage gudu ba ta yi ba. Na fito kan hanya na bi ta a baya har ƙafafuna suka ƙi, na faɗi a kan gwiwoyina.

Da numfashi ya dawo na shiga gona mafi kusa, na riƙe rigar mai ita na gaya masa. Allah ya saka masa, nan take ya yar da fartanya ya yi kururuwa, mutane suka fito, wani ya kawo amalanke. Amma lokaci ya riga ya tafi. Muka tarar da Yaya yadda na bar shi, kansa a kan rigata, kambas a ƙafarsa, idanunsa a buɗe. Ya cika shi kaɗai, ba wanda ya riƙe hannunsa, ba wanda ya tuna masa kalmar shahada. Ni na rufe masa ido.

Ban ce da motar ta tsaya da ya rayu ba. Rai na Allah ne, kuma ba ni da tabbacin asibiti zai iya wani abu. Abin da na sani, da ta tsaya, da na komo wurinsa da sauran numfashinsa, da ya cika a cinyata cikin mutane. Wannan ne aka hana ni, kuma shi ne ban warke daga gare shi ba.

A zaman makoki gudummawa ta zo. Ta zo a hankali, a cikin kwanuka da buhuna, masu ita na tafe suna gyara babbar riga. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa, ina jin abin da ake raɗawa a gefe: gudu ne ya kashe shi, ai an faɗa, mutum da jikinsa mai kyau. Ba wanda ya ambaci kajin da aka yi ta yanka masa. Inna ba ta ce mini komai ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai akori-kurar ya zo shi ma. Ya durƙusa a gabana, idanunsa sun kaɗa.

"Wallahi Malam na gan ka," ya ce. "Na aza ɗaga hannun nan ne na kullum. Ai kai ka ce mu bar tsayawa."

"Hannu nawa nake ɗaga maka kullum?"

Ya ce, "Guda."

"Ran nan fa?"

Ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Ba ƙarya ya yi ba, ni na ce su daina tsayawa, kuma in aka mayar da ni wancan lokacin sai na sake cewa, don ba wata hanya da Yaya zai yi gudunsa a bar shi. Amma ban ce su daina kallo ba. Mutumin da ya ce ubansa bai koya masa wuce babba a ƙasa ba, ya ga magidanci ba riga cikin gona yana tsalle da hannu biyu a sama, ya danna ham. Na yafe masa da baki a ranar, don a gaban mutane ne. Zuciyata ta daɗe ba ta bi bakin ba.

Kwangila ta watse bayan nan, na koma aji, na riƙe yaransa tare da nawa. Ƙaramar 'yar nan da ke riƙe yatsana ni na aurar da ita. Ban sake sa kambas ba.

Yanzu a birni nake zaune wurin 'ya'ya, kuma gudun safe ya zama abin yayi. Samari da manyan ma'aikata suna bin gefen titi da tufafinsu masu kyau, ba mai kallonsu. Sai ni kaɗai. Duk wanda ya ɗauko ni a mota ya san halina, in na hango mai gudu sai an tsaya. Suna jin kunya, suna ce mini, Baba, ai motsa jiki yake yi, kowa ya sani. In ce na sani, a tsaya. In sauke gilashi in ce, "Lafiya?" Wasu su yi murmushi, wasu su harare ni don na katse musu numfashi. Ba na bari a ja motar sai na ji amsar daga bakin mai gudun, kuma kafin ya ba ni ita, hannuwansa nake kallo.